Amsa kan farin ciko da ba ya jimawa a turamen haƙora

Wa'alaikumus salam, Likita. Ka ce farin cikon da kake yi a turame yana saurin lalacewa, wasu kuma su dawo da kukan zogi in sun tauna ko sun sha ruwan sanyi, kana tunanin sauya kwamfosit ɗin da kake saye, wato farin abin cikon. Ni dai a shekarun da na yi kan wannan kujera, galibi ba daga kaya matsalar take ba, daga yadda aka saka su ne.

Fara da yawu. Amalgam, cikon nan mai launin azurfa, yana jure ɗan danshi, kwamfosit kuwa sam ba ya yafewa. A turmin ƙasa na can ciki, inda harshe ke kai-kawo, auduga kaɗai ba ta isa. In kana da robar killace haƙori ka sa ta, ko mara lafiya zai yi mita. In ramin ya gangara ƙarƙashin dasashi, jini na tsatsafowa, ka kasa busar da wurin, gara ka koma gilas ayonoma, wani simintin ciko da ya fi jure danshi.

Asid ɗin fosforik mai kashi 37 da ake shafa wa ramin kafin ciko, ka ba inamel, wato ɓawon haƙori mai tauri, daƙiƙa 30, dentin da ke ƙarƙashinsa kada ya wuce 15. Bayan ka wanke, kar ka hura wa dentin iska har ya yi fari fat, bar shi da ɗan sheƙi. Zogin da mutanenka ke kuka da shi sau da yawa daga nan yake farawa.

Sannan kwamfosit yana tsukewa wajen kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari in ya daskare. Ka danƙara shi gaba ɗaya a rami mai zurfi, sai ya ja bangon nan ya ja wancan, ya bar siririyar kafa a gefe, ruɓa ta sake shiga ta nan. Shi ya sa muke shimfiɗa shi kaɗan-kaɗan, kowane kada ya wuce milimita 2, a karkace, ba tare da ya haɗe bango biyu masu kallon juna ba. Akwai irin da aka yi don cikawa har milimita 4 a tashi ɗaya, amma sai wanda aka rubuta haka a jikinsa.

Inda na fi zargi a asibitocinmu shi ne fitilar da ke daskarar da kwamfosit. An yini babu wuta, batir ya yi sanyi, amma da yake shuɗin hasken na fitowa sai a ɗauka lafiya lau. Juya bakinta ka duba, sau da yawa za ka tarar da busasshen gam manne a gilashin. Wani likitan kuma kansa a kawar saboda haske, fitilar ta zame tana haska kumatu. Saman ciko ya yi tauri, ƙasansa ɗanye. Gwada da kanka: dunƙula kwamfosit mai kaurin milimita 2, ka haska daƙiƙa 20, ka kankare ƙasansa da wuƙa. In ya kankaru, ka ga ɓarawonka.

In ramin ya shafi tsakanin haƙora biyu, sa ƙaramin zobe mai lanƙwasa da ɗan tsinken matsewa, don kada nama ya riƙa maƙalewa. Kada ka shimfiɗa siminti mai man kanumfari a ƙasa, yana hana kwamfosit daskarewa. Kafin mara lafiya ya tashi, ka sa ya cije takardar gwaji ka rage tudun, ka kuma tambaye shi ko yana tauna ƙashi da ƙanƙara, ko yana cizon haƙora cikin barci.