Masaka ko Karu: ina ne haya ta fi sauƙi ga ma'aikacin Abuja?

Tambaya: Malam, an yi mini canjin wurin aiki daga Kano zuwa Sakatariyar Tarayya a Abuja, ina da mata da yara biyu. Na samu ɗaki biyu da falo a Masaka ta jihar Nasarawa kan naira 700,000, an kuma nuna mini irinsa a Karu ta cikin Abuja kan miliyan 1.5. 'Yan'uwa sun ce in kama na Masaka, wasu sun ce in ajiye iyali a Kaduna. Gaskiya hankalina a tashe yake, albashin ba zai ɗauki kuskure ba.

Amsa: Allah ya sa canjin ya zama alheri. Bari in fara da na Kaduna don ba shi da tsawo. Jirgin ƙasa daga Idu ko Kubwa a Abuja zuwa Rigasa a Kaduna ya dace da zuwa ganin gida a ƙarshen mako, ba zuwa aiki kullum ba. Ka ajiye iyali can ke nan ka ɗauki haya biyu da tukunya biyu. In ba gidan kanka gare ka a Kaduna ba, ka bar wannan shawara.

Yanzu ga abin da ke cinye ma'aikata, kuma kullum sai an zo mana da shi: mutum ya ɗauka haya ita ce kuɗi, kuɗin mota kuwa canji ne. Haya a dunƙule ake biyanta, shi ya sa take da zafi. Kuɗin mota kuwa ɗari biyar ne nan, dubu can, ba mai rubutawa. To ka rubuta. In ka cire hutu, kwanakin aiki a shekara sun kai 240. Daga cikin Masaka hawa uku ne a ƙalla: acaɓa zuwa bakin titin Keffi, mota zuwa Nyanya ko shataletalen AYA, sai wata zuwa Sakatariya. A ce zuwa da dawowa ya ci 4,500, ka ga miliyan 1 da dubu 80 ke nan. A ce daga Karu 2,000 ne, wato 480,000. Tazarar 800,000 da ka gani a haya ta koma 200,000, kai kaɗai ke nan, ba a sa zuwa asibiti ko makarantar yara ba. Waɗannan misali ne, kai za ka sa ainihin abin da ka biya.

Abin da ya fi damuna shi ne, haya a kulle take har shekara, akwai takarda tsakaninka da mai gida. Direba ba ka da yarjejeniya da shi. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Wanda ke nesa shi ya fara ɗanɗana kuɗarsa, kuma ba ya iya tashi don ya riga ya biya shekara.

Sai kuma dillalan da ke rantsuwa cewa "minti talatin ne zuwa gari". Ranar Lahadi suke kai ka! Ka je ranar Litinin, ka tsaya bakin titi ƙarfe shida da rabi na safe, ka ga yadda motoci ke cushewa daga Mararaba zuwa gadar Nyanya har Kugbo, ka kuma dawo ta nan bayan la'asar. Za ka ga masu fita tun kafin asuba, suna tsayar da kowace mota a cikin duhu, kuma irin wannan lokaci ne 'yan wan-cans, wato ɓarayin da ke ɗaukar fasinja a mota su yi masa fashi, ke farauta. Ka duba lungun gidan: in jan laka ne, da damina ɗan acaɓa zai ninka kuɗinsa ko ya ƙi shiga.

Ban ce Masaka ba ta da riba ba. In ofishinku na da motar ma'aikata, ko kuna da abokan aiki huɗu da za ku riƙa karo-karon mai, Masaka ta fi. In ba haka ba, Karu ta fi maka, muddin ba bashi mai ruwa za ka ci ka biya ba.

A kowane gida, ka ƙara kusan kashi 10 na dillali, kashi 10 na lauya, da kuɗin ajiya na ɓarna. Ka tambayi maƙwabta ko akwai rijiyar burtsatse ko kurar mai ruwa ake saye, ka duba mita ko akwai bashin wuta a kanta. Kada ka tura ko sisi sai ka ga mai gidan ko lauyansa ido da ido, an ba ka rasit da takardar yarjejeniya mai sa hannu.