Sa wa tsohuwar tocila ƙwan LED: me ya sa wani ke kamawa, wani ya ƙi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina gadin rumbunan albasa a bayan garin Marwa, kuma tocilata ta ƙarfe ce irin ta da, mai cin manyan batir biyu. Jikinta lafiya lau, sai dai tana shan batir, ga ƙwanta yana yawan mutuwa. Na sayo ƙwan LED guda biyu a kasuwa. Na farko bai kama ba ko kaɗan. Na biyu ya kama, amma hasken ya watse, akwai duhu a tsakiyarsa, bayan 'yan kwanaki kuma ya dushe alhali batir bai mutu ba. Kayan ne marasa kyau, ko tocilar ce ba ta karɓar irin wannan ƙwai?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tocilarka tana karɓa, kuma mai yiwuwa ne ƙwayayen nan biyu duk lafiyarsu ƙalau. Tsohon ƙwai mai ɗan zaren wuta a cikin gilashi ba ya zaɓe: ko ta wane gefe wuta ta shige shi zai yi haske, in ta yi ƙasa ya yi ja-ja, shi ke nan. LED kuwa sai an dace masa da abu uku, wato irin gindinsa, yawan volt, da gefen da wuta ke shiga. Abin da ka bayyana ya nuna na farko ya faɗi a na uku, na biyu kuma a na biyu.

Fara da cire tsohon ƙwan ka duba gindinsa. A tocilolin da ke yawo a kasuwanninmu, daga Garwa har Kusiri da Njamena, iri biyu ne suka fi yawa. Akwai mai gindin da ake murɗawa, faɗinsa milimita 10, wanda ake rubuta wa E10. Akwai kuma mai santsin jiki da ɗan baki kewaye da wuyansa kamar na malafa, wanda ake zura shi a rami a danne da murfi, shi ne P13.5s, wasu kwalaye kuma su rubuta PR. Ba sa shiga gurbin juna, don haka ka tafi kasuwa da tsohon a aljihu. A jikin ƙarfensa za ka ga ɗan rubutu kamar 2.5V 0.3A ko 2.4V 0.5A. Ka riƙe lambar da ke da A, wato amfiya, yawan wutar da yake ja, za mu dawo kanta.

Yanzu ƙwan da ya ƙi kamawa. LED hanya ɗaya yake barin wuta ta bi. A yawancin tocila, kan batir mai ɗan tsini, wato gefen +, shi ke taɓa ɗigon dalmar da ke ƙarƙashin ƙwai, jikin tocilar kuma ya ɗauko gefen − daga sifirin da ke murfin baya. Yawancin ƙwayayen LED haka aka yi su, tsakiya +. Amma ana yin wasu akasin haka saboda wasu manyan fitilun hannu masu batir mai kusurwa huɗu na volt 6, kuma mai shago ba lalle ya san wanne ke hannunsa ba. Gwajin ba wuya. Ka jera batir biyu a kan tebur, kan ɗaya a gindin ɗaya, ka ɗora ƙarƙashin ƙwan a kan tsinin, ka ja 'yar waya daga gindin batir na baya zuwa jikin ƙarfen ƙwan. In bai kama ba, ka juya: jikin ƙwan ya taɓa tsini, wayar ta taɓa ɗigon. Taɓawa ɗaya ta isa, kada ka daɗe, domin wasu masu ɗan inji a ciki ba sa jure wutar da ta zo a juye. In ya kama a juye, ka san matsalar. Za ka iya juya batir ɗin duka biyu a cikin tocila, sai dai gindin batir shafaffe ne, sau da yawa ba ya kai ga ɗigon ƙwan, sai an ɗiga masa ɗan tudun dalma. Ni dai shawarata ka mayar a canza maka, domin ranar da wani ya ari tocilar ya sa batir yadda kowa ya saba, zai ce ta mutu.

In bai kama ta kowane gefe ba, duba abin da aka rubuta masa. Ƙwan da aka yi wa 4.5V ko 6V ba zai yi komai a kan batir biyu ba, ko ya yi ɗan ƙyalli kawai. In kuwa ya kama a tebur amma ya ƙi a tocila, to gindinsa ne bai kai ga harshen ƙarfen da ke ƙasa ba, ko harshen ya yi tsatsa. Ka ɗaga shi kaɗan da bakin wuƙa, ka goge da samfefa.

Ƙwai na biyu shi ya fi buƙatar bayani. Farin LED yana son wajen volt 3 zuwa 3.3 kafin ya ba da cikakken haske, in wuta ta sauka ƙasa da kamar 2.6 kusan ɗaukewa yake yi. Sababbin batir biyu suna ba da volt 3 da ɗan ɗoriya, amma na ɗan lokaci ne. Da an fara aiki da su sai kowanne ya gangaro 1.3, ya zo 1.2, jimilla 2.4 ke nan. Ƙwai mai araha, wanda LED ne tsura ko da 'yar resista mai rage wuta kawai, a nan yake tsayawa, alhali batir bai ba da ko rabin abin da ke cikinsa ba. Shi ya sa ka ga ya dushe. Abin da tocila mai batir biyu take buƙata shi ne ƙwan da aka saka wa ɗan inji mai ɗaga wuta a cikin gindinsa, wanda ke karɓar volt 2 ko ƙasa da haka ya mayar da ita abin da LED ke so. Alamarsa ita ce a kwali za a rubuta tazara mai farawa daga ƙasa, kamar daga volt 1 ko 1.5 zuwa sama, maimakon 3V kurum. In babu kwali, ka roƙi mai shago ya gwada maka shi da batir ɗaya tak. Wanda ya yi haske da batir ɗaya yana da injin. Wanda ya yi shiru, ko dai ba shi da shi, ko injinsa ba ya sauka ƙasa sosai, kuma duka biyun ba su ne kake nema ba.

Mai tocila mai batir uku ya fi samun sauƙi, domin volt 4.5 ta wuce abin da LED ke so, rage ta kawai ake yi. Shi hatsarinsa ta ɗaya gefen ne: in ya sa ƙwan 3V, zai yi haske mai ban sha'awa, ya koma shuɗi-shuɗi, ya ƙone. Haka ma masu cusa batirin litiyam 18650 da ake cirowa daga tsohuwar kwamfuta. Cikakkensa volt 4.2 ne, guda biyu 8.4, kuma yana iya tura wuta mai yawa nan take. Ƙwan 3V ba ya rayuwa a kansa, in kuma waya ta haɗu a cikin jikin ƙarfe ana iya samun gobara a hannu.

Sai batun wat, inda aka fi yaudarar mai saye. Tsohon ƙwai mai 0.5A yana cin wat ɗaya da ɗan kai, yana ba da lumen, wato ma'aunin haske, wajen 10. LED mai rabin wat yana ba da kamar 40 zuwa 50, mai wat ɗaya kuma 80 zuwa 100. Ido zai ce a ɗauki babba. Amma ka yi lissafi: wat ɗaya daga batir biyu da suka sauka volt 2.5, ga hasarar da injin ke yi, ya kai amfiya 0.45 zuwa 0.5. Wato daidai da abin da tsohon ƙwan ke ja, har ya fi na mai 0.3A. Haske ka samu, batir ba ka tara ba. Tunda kukanka shan batir ne, rabin wat za ka nema, wanda ba ya wuce amfiya 0.25, hasken kuma ya ninka na da sau huɗu. Masu rubutun 3W a ɗan ƙaramin gindi irin wannan, ko dai ƙarya ce, ko kuma gaskiya ce mai cutarwa, domin babu inda zafin zai fita. LED ba ya fitar da zafi ta gaba, ta gindi yake tara shi, kuma zafi ne ke kashe shi. A watan Afrilu, lokacin da Marwa ke wuce digiri 40, tocilar roba mai irin wannan ƙwai tana iya narkar da mazauninsa. Taka ta ƙarfe ta fi dama-dama.

Kana iya auna abin da ƙwai ke ja da kanka, ko wurin mai gyaran rediyo. A cire murfin baya, a sa mita a ma'aunin amfiya, tsinke ɗaya a gindin batir, ɗaya a zaren jikin tocila inda babu fenti, a kunna. Lambar da ta fito ita ce gaskiya, ko me aka rubuta a kwali.

Wata ribar kuma ba a lambar nan take ba. Tsohon ƙwai mai zaren wuta, da wuta ta ragu da kashi 20 cikin ɗari, haskensa ya ragu da rabi, shi ya sa ake zubar da batir da sauran ƙarfinsa. LED mai inji yana tatsar batir har ƙasa. Sai dai wannan tatsar tana da kuɗinta. Batir ɗin da muka fi saye, irin su Tiger Head manya masu lamba R20, jikinsu na tutiya ne, kuma tutiyar ce ke cinyewa yayin da suke ba da wuta. In aka tatse su ƙarƙaf sai jikin ya huje, ruwan ciki ya zubo ya ci sifiri da makunni. Da tsohon ƙwai ba ka kaiwa nan, domin duhu ya riga ya sa ka canza. Da LED sai ka kula da kanka: in haske ya ragu a fili, ko ya fara ƙiftawa, ka fitar da su a ranar. Kada ka haɗa sabo da tsoho, tsohon ne zai fara zuba. In ka tarar sun riga sun zuba, irin wannan ruwan ana wanke shi da ɗan bikarbonat a ruwa. In kuwa batir alkalin ne, mai barin farin gari, ruwan lemon tsami ake goga masa. Ka busar sosai kafin ka mayar, ka shafa ɗan bazilin a zaren murfi.

Duhun da ke tsakiyar hasken daga kwanon madubi yake. An ƙera kwanon ne don ɗan zaren da ke tsaye a wuri guda yana watsa haske ko'ina, har gefe da baya, kwanon ya tattaro ya harba gaba. LED gaba kawai yake kallo, kuma sau da yawa yana zama sama ko ƙasa da inda zaren yake da milimita ɗaya ko biyu. Wannan 'yar tazara ta isa ta buɗe rami a tsakiya. Ka haska bango daga taku biyar. In kan tocilar yana murɗuwa, ka murɗa a hankali har ramin ya rufe. In ba ya murɗuwa, ka yanka zoben kwali siriri ka sa tsakanin kwanon da mazaunin ƙwai, ka gwada, ka ƙara wani in ya fi kyau. Ƙwayayen da aka yi wa ɗan gilashi mai lotsawa a ka, mai tura haske gefe, sun fi dacewa da tsohon kwano. In duk ya ƙi, ka liƙa farar leda mai hazo a cikin gilashin gaba, zobban za su ɓace, amma nisa zai ragu. Ga mai gadi da ke son ganin ƙarshen fili, wannan ita ce dabara ta ƙarshe. Kada kuma ka goge cikin kwanon da tsumma, fentin azurfar nan yana bin hannu, hura shi kawai za ka yi.

Launi ma abin dubawa ne. Mafi yawan na kasuwa fari ne mai shuɗi, lambar launinsa 6000K ko sama. Yana kama ido, amma a ƙurar hunturu yana dawo maka a fuska, kuma ƙasa da busasshiyar ciyawa da abin da ke kwance a cikinta duk sai su zama toka-toka. In ka samu mai 3000K zuwa 4000K, mai ɗan rawaya, ya fi nuna kunama ko maciji a kan yashi.

In ƙwan da ya dace ya gagara samuwa, mai gyaran rediyo zai iya haɗa maka. Ana fasa gilashin mataccen ƙwai a cikin tsumma, a kwashe abin da ke cikin gindin, a narkar da ɗigon dalmar ƙasa. Sai a ɗauko farin LED mai milimita 5, irin wanda ke cikin matattun tocilolin caji. Doguwar ƙafarsa ita ce +, a haɗa ta da resista, resistar ta bi ta ramin ƙasa a yi mata dalma, gajeriyar ƙafa kuma a manna ta a jikin gindin. Irin wannan LED amfiya 0.02 yake so, don haka batir uku resista mai om 68, batir huɗu mai om 150. Haskensa bai fi na tsohon ƙwai ba, na tafiya ne da duba kaya, amma batir zai yi makonni. Ga taka mai batir biyu wannan haɗi zai dawo da kai kan matsalar dushewa, sai in mai gyaran ya ciro ɗan injin ɗaga wuta daga ƙaramar fitilar sola ko tocila mai batir ɗaya ya saka a bayan kwanon. Ka ce masa ya naɗe injin da salatif sosai, domin duk jikin tocilarka waya ce.