Amsar Gwaggo kan tarbar yaron da za ku ɗauko riƙo

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce yaron da za ku ɗauko riƙo daga wata ƙasa shekarunsa 7, kina tambaya ko a tara dangi ranar da ya sauka, a yi masa liyafa, a raɗa masa sabon suna. Shawarata ku jinkirta taron. A rana guda yaron nan zai rabu da harshensa da abokan kwanansa da duk wata fuska da ya sani. Ku kuna murna, shi kuwa rashi ya yi, ko da kun ga yana dariya.

Makonni 4 zuwa 6 na farko, ke da maigidanki kaɗai za ku riƙa ba shi abinci, ku taimaka masa da wanka, ku kwantar da shi, ku rarrashe shi. Yaron da ya tashi a gidan marayu ya saba masu kula da shi suna canzawa safe da dare, sau da yawa ma kowace mace "Mama" yake ce mata. Bai san mece ce uwa ta kansa ba tukuna. In kin ga yana hawa cinyar kowane baƙo, kar ki ɗauka sakin jiki ne. Bai gane waye nasa ba. Dangi na kusa su zo ɗaya ko biyu, su gaisa su tafi. In ya roƙe su ruwa, su ce ya je wurinki. Za a ji haushi, a ce kun ɓoye yaro. Ki yi musu bayani tun kafin ya iso, kuma tarihinsa ya tsaya tsakaninku, don nasa ne.

Batun suna kuwa, kar ku taɓa shi yanzu. Kusan shi kaɗai ne abin da ya taho da shi. Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta tanadi a kiyaye wa yaro sunansa da asalinsa, kuma Suratul Ahzab aya ta 5 ta ce a kira 'ya'yan riƙo da sunan iyayensu maza. Ku koyi furta sunan daidai. In daga baya shi ya so ƙari, sai a ƙara. Haka kayan da ya zo da su, ko sun tsufa kar ki zubar, kar ma ki yi gaggawar wankewa, ƙamshin da ya sani yana jikinsu.

Kafin ku je, ki haddace kalmomi kamar 20 a harshensa: yunwa, ƙishirwa, banɗaki, ciwo, tsoro, barci, zan dawo. Ki jera hotuna a bango da ke nuna tsarin yini, daga tashi zuwa kwanciya, ku bi shi kullum ba canji. Ku nemi mai jin harshensa da za a iya kira, domin yaron da ba ya samun abokin magana yakan fara manta harshensa cikin watanni, tun bai iya sabon ba.

Ki sa ido kan abinci. Zai iya ci har ya yi amai, ko ki tarar ya ɓoye a ƙarƙashin matashi. Yunwar da ya taɓa ji ce take sa shi, kar ki kira shi ɓarawo. Ki ware masa ɗan kwano mai murfi, kullum da abin taɓawa a ciki, ki nuna masa nasa ne. Ki fara da irin abincin da ya saba. Da dare ki shimfiɗa kusa da shi, ki bar fitila, wataƙila bai taɓa kwana shi kaɗai ba. Bambancin lokaci tsakanin ƙasarsa da taku ma zai rikita masa barci, kusan kwana ɗaya ga kowace awa ɗaya.

A cikin mako biyu ku ga likita da duk takardunsa: gwajin tarin fuka, ciwon hanta, HIV, tsutsar ciki, ƙarancin jini, ido, kunne, haƙori, a kuma duba katin rigakafi. Makaranta ta jira.

Abin da ke karya wa iyaye zuciya shi ne kwanakin farko yaro ya yi lamo, ladabi kamar me, bayan 'yan makonni sai kuka da jifa da cizo da fitsarin kwance. Sau da yawa ya fara sakewa ne, yana gwada ko ku ma za ku mayar da shi. Kar a doke shi, kar a kulle shi a ɗaki, kuma kar a taɓa ce masa "za mu mayar da kai", ko da wasa. Ki zauna kusa da shi har ya huce. In yana ji wa kansa rauni ko ya daina ci, ku nemi ƙwararre nan take.

Ranar da kika ga ya faɗi ya nufo ki, ko baƙo ya shigo ya ɓuya a bayanki, to a fara shirin liyafar. Mutum goma sun isa, awa biyu, a gaya masa tun da wuri su waye za su zo, kuma in ya gaji a bar shi ya shige ɗaki. Ki gaida maigidan.