Ana zargin ƙanwata da sa wa mijinta guba: rataya ce makomarta?

Tambaya: Barista, mijin ƙanwata ya rasu bayan ya ci tuwon dare, aka yi jana'izarsa washegari. Bayan sadakar uku danginsa suka kai ƙara wai shinkafar ɓera ta zuba masa. Yanzu tana tsare a Kano, kuma 'yan sanda sun ce ta amsa laifi. Ba ta cika shekara 18 ba, amma ba mu da takardar haihuwarta. Rataye ta za a yi?

Amsa: Malam, Allah Ya jiƙan mamacin, ku kuma Ya ba ku haƙuri. Tuhumar babba ce, domin sashe na 221 na dokar hukunta laifuka ta Penal Code ya tanadi hukuncin kisa ga wanda ya kashe rai da gangan. Amma tsakanin zargi da rataya akwai tafiya mai nisa. Sashe na 36(5) na tsarin mulki ya ɗauki ƙanwarka a matsayin marar laifi har sai masu gabatar da ƙara sun tabbatar, ba tare da wani kokwanto mai tushe ba, cewa abin da ta aikata ne ya kashe shi, kuma da niyya.

A shari'ar guba, a nan gizo ke saƙa. Amai da ciwon ciki bayan cin abinci ba su isa hujja ba. Kwalara da ruɓaɓɓen abinci ma suna kawo su. An binciki gawar kafin a binne? An kai ragowar tuwon ɗakin gwaji? A hannun wa kwanon ya kwana? Wannan matsala tsohuwa ce. A 1889 wata kotu a birnin Liverpool na Ingila ta yanke wa Florence Maybrick hukuncin rataya kan zargin ba mijinta gubar arsenik, alhali likitoci sun saɓa a kan abin da ya kashe shi. Aka sassauta zuwa ɗaurin rai da rai, ta fito a 1904.

Abin da ya fi damuna shi ne amsa laifin nan, don kotu na iya kama mutum da iƙirarinsa kaɗai. Sai dai sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana karɓar iƙirarin da aka samu ta hanyar duka ko tursasawa. Ka tambaye ta a tsanake: da wane harshe aka rubuta, an karanta mata kafin ta dangwala, akwai lauya a wurin? Dole lauyanta ya yi suka a daidai lokacin da za a miƙa takardar ga alƙali.

Sai shekaru. Sashe na 405 na ACJA, dokar tarayya ta gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, ya hana yanke hukuncin kisa ga wanda bai kai 18 ba a ranar da aka yi laifin, kuma lauya zai haɗa da irin wannan doka ta jihar Kano ta 2019. Ku nemo katin rigakafi, rajistar firamare ko ta Islamiyya tun yau. Wasila Tasi'u tana da shekara 14 aka gurfanar da ita kan irin wannan zargi a 2014, kuma a 2015 gwamnatin Kano ta janye ƙarar. Antoni Janar na jiha yana da ikon janye ƙara a sashe na 211 na tsarin mulki, kuma lauyanku na iya rubuta masa.

Kada ku ɗora rai a kan beli. Babbar Kotu kaɗai ke bayarwa a irin wannan tuhuma, ita ma da ƙyar. Sulhu da dangin mijin abu ne mai kyau, amma yafiyarsu ba ta kashe ƙara a Babbar Kotu. Idan hukunci ya zo ba daɗi, kuna da kwana 90 na ɗaukaka ƙara, daga nan Kotun Ƙoli, sannan roƙon afuwar gwamna a sashe na 212 na tsarin mulki.

In babu kuɗin lauya, ku je ofishin Legal Aid Council, hukumar gwamnati mai ba marasa ƙarfi lauya, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA cikin makon nan. Kafin nan, kada ta sake sa hannu a kowace takarda.