Kwamfutar da ke zafi a cikin jaka

Ka ce min ɗalibin nan na jami'ar Ngaundare ya sake dawo da kwamfutarsa. In ya rufe murfi ya cusa ta a jaka, kafin mota ta iso Garwa ta yi zafi jau, batir ya ƙare ƙaf. Wani lokacin kuma in ya buɗe, 'yar fitila na ci, fanka na juyawa, amma allo baƙi ƙirin. Sai ka ce, "Maigida, in goge ta in zuba sabuwar Windows, ko in ce ya sayi batir?"

Ajiye filashin zuba Windows ɗin nan tukuna, ɗana. Ba ka san wane irin barci take yi ba, ta ina za ka gano abin da ke hana ta shi?

Tun 1996, da Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar da ƙa'idar ACPI, wato tsarin yadda kwamfuta ke sarrafa wutarta, aka jera halin da take shiga daga S0 zuwa S5. S0 idonta biyu, S5 a kashe take. Biyu daga tsakiya su ne suka shafe mu. S3 shi ne ƙaramin barci, wanda Windows ɗin Faransanci da muke gani a nan Kamaru ke rubutawa Mettre en veille. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, ta tsaya, fanka ta tsaya, hadis, wato faifan da ake adana fayiloli, ya tsaya, sai dai ana ci gaba da ɗiga wa ram, ma'ajin wucin gadi da ke riƙe aikin da ake kan yi, 'yar wuta don kada ta manta abin da ke buɗe. Shi ya sa kana ɗaga murfi take tashi. Amma ranar da 'yar wutar nan ta yanke, duk abin da ba a adana ba ya bi ruwa.

S4 shi ne dogon barci, veille prolongée. A nan ana kwashe abin da ke cikin ram a rubuta shi a hadis, cikin wani ɓoyayyen fayil mai suna hiberfil.sys da ke gindin C, sannan a kashe komai. Ko batir ka cire ka ajiye ta wata guda, tana tashi za ta mayar da kai inda ka tsaya. A Windows 10 fayil ɗin kan ci kamar kashi 40 cikin ɗari na girman ram, shi ya sa wasu masu gyara ke kashe shi don samun wuri a ƙaramin SSD, wato sabon nau'in hadis mai sauri, su bar mai kaya da wahala.

Yanzu ga inda nake zargin ta ɗalibinka. Yawancin sababbin kwamfutoci ba su da S3 sam. An musanya shi da abin da Microsoft ke kira Modern Standby, wanda ya faro a zamanin Windows 8 ya bazu da Windows 10. Barcin zomo ne, ido buɗe. Allo ya mutu, amma injin na nan a S0, yana iya riƙe da Wi-Fi, yana karɓar saƙo, yana sauke sabuntawa. In komai lafiya, wutar da yake sha kaɗan ce. Amma direba ɗaya, wato manhajar da ke tafiyar da wani sashen injin, ya ƙi kwanciya, shi ke nan, furosesa za ta yi ta aiki a cikin jakar da ba iska. Ka haɗa wannan da zafin Garwa a watan Maris da Afrilu, lokacin da ake haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe fanka. Haka batura ke kumbura har su ɗago madannai. An tsara Windows in ta ga batir na zuba da yawa a wannan hali ta faɗa dogon barci da kanta, to in wani ya riga ya kashe hiberfil, ina za ta faɗa?

Saboda haka kafin ka taɓa sukurdireba, buɗe Invite de commandes, baƙar tagar da ake rubuta umarni, a matsayin administrateur, wato mai cikakken iko, ka rubuta powercfg /a. Za ta faɗa maka irin barcin da take iyawa, da wanda ba ta iyawa, har da dalili. In ka ga S0, rubuta powercfg /sleepstudy, ka buɗe rahoton ka duba layukan da suka yi ja, a nan sunan mai laifin yake. In S3 ce kuma tana farkawa da kanta, powercfg /lastwake zai nuna wanda ya tashe ta na ƙarshe, powercfg /devicequery wake_armed kuma ya jero duk waɗanda aka ba izinin tashinta. Sau da yawa ba wani abu ba ne illa linzami marar waya. An bar 'yar na'urarsa ta USB a jikin kwamfuta, an jefa linzamin a jaka ba a kashe ba, ɗan acaba ya faɗa rami, linzami ya motsa, kwamfuta ta tashi. Shiga Gestionnaire de périphériques, inda aka jera sassan kwamfuta, ka cire masa izinin, haka ma katin intanet. Wadda ta ƙi barci gaba ɗaya, powercfg /requests ne maganinta. Galibi za ka tarar bidiyo ne a buɗe a burauza, ko direban sauti.

Akwai wani abu da ba umarnin da zai nuna maka. Kwamfuta ba ta ganin murfi, maganaɗisu take ji. Akwai ɗan ƙaramin maganaɗisu a gefen allo ko a jikin gindin, da 'yar na'urar da ke jin kusantowarsa. Shi ya sa nake hana ku ɗora kwamfuta buɗaɗɗiya a kan wata rufaffiya a teburin nan. Maganaɗisun ta ƙasa sai ya ruɗi ta sama, allo ya ɗauke, ku yi ta neman ciwon da babu shi. In kuma an taɓa canza mata allo ko marfi aka manta ba a mayar da maganaɗisun ba, ko sau nawa aka rufe ta ba za ta san an rufe ba. Ɗauki ƙaramar ƙusa ka bi gefen a hankali, inda ta manne, nan yake.

Baƙin allo bayan farkawa kuwa, direban hoto ne na farkon zargi. Danna Windows da Ctrl da Shift da B tare. In ta yi ƙara allo ya dawo, ka kama shi. Nemo direban daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, ka duba ko akwai sabon BIOS, wato manhajar da ke tayar da injin kafin Windows, amma kada ka kuskura ka sabunta BIOS da mataccen batir a garin da ake ɗauke wuta ba sallama. Ka ga dalilin da na hana ka gogewa? Sabuwar Windows da ba a sa mata direban hoto ba, zaɓin barcin ma ɓacewa yake daga menu. Ka ƙara wa yaron ciwo, ka kuma cinye masa takardun karatu.

Wani abin da ke ruɗa masu kaya: tun Windows 8 a 2012, Arrêter, zaɓin kashewa, ba kashewa ce ta gaskiya ba in démarrage rapide, wato tashi da sauri, na kunne. Ana rufe shirye-shiryen mutum ne, a ajiye zuciyar Windows da direbobi a hiberfil, gobe a ɗauko su yadda suke, har da ciwonsu. Wanda ya ce maka kullum yana kashewa amma matsalar na nan, ce masa ya danna Redémarrer, wato sake kunnawa, ko ya riƙe Shift yayin kashewa.

Batir shi ne na ƙarshe. powercfg /batteryreport zai nuna ƙarfin da aka ƙera shi da shi da wanda ya rage. In ya faɗi ƙasa da rabi, ko ka ga ya kumbura, sai a yi maganar saye. Kayan gwanjon da ke zuwa mana ta Duwala ko ta iyakar Najeriya, da wuya ka samu mai lafiyayyen batir, don haka ni a shagon nan ra'ayina ɗaya ne: mai yawo da kwamfuta a jaka, dogon barci ya dace da shi. Rubuta powercfg /h on don kunna dogon barci, ka shiga Options d'alimentation, wurin da ake zaɓar abin da rufe murfi zai yi, ka mayar da shi veille prolongée, a kan batir da kan caja duka. Da SSD, jiran tashinta bai taka kara ya karya ba. Ka gaya masa ya jira fitila ta mutu, fanka ta yi shiru, kafin ya ja zif.

Kai kuma, kwamfutar da ke cikin kowane irin barci ba a cire mata ram, ba a kuma ɗauke hadis ɗinta a kai wata a rubuta masa komai, don fayiloli na iya lalacewa in ta farka. Kashe ta da Shift, cire caja, cire batir. Je ka ɗauko ta, mu fara da powercfg /a.