Tambaya da Amsa: Hawa Dandamali a Taron Masu Rubuta Manhaja

Tambaya: Malam, ban daɗe da fara rubuta manhaja da Python ba, ga shi wani taro ya buɗe karɓar batutuwa. Anya irina zai iya turawa?

Amsa: Tura, ɗan'uwa. A PyCon na Amurka, taron masu amfani da Python wanda aka fara a 2003, ɓoye sunan mai batu ake yi a zagayen farko na tantancewa, sai abin da ya rubuta kawai ake gani. Abu uku ake nema: take, bayani mai sakin layi biyu ko uku, da tsarin jawabin minti-minti. Abin da ke kayar da yawancin batutuwa shi ne faɗi. "Gabatarwa kan Django" (kayan aikin gina shafukan intanet da Python) kwamitin tantancewa ya gaji da ganin irinsa. Amma in ka ce za ka nuna yadda shafi guda ke aika wa rumbun bayanai tambayoyi ɗari, da yadda select_related, wani umarni na Django, ke mayar da su guda, to ka kawo matsala da maganinta. Ka lura ana rufe karɓa watanni kafin taro. In ba a ɗauka ba, akwai gajerun jawabai na minti 5 da ake rubuta suna a wurin taron.

Tambaya: An karɓi batuna, an ba ni minti 30. Ina so in nuna manhajata tana aiki a gaban jama'a. Wata ƙawata ta ce kada in kuskura.

Amsa: 'Yar'uwa, ƙawar taki ba ta yi ƙarya ba, sai dai ana iya yi da shiri. Abu na farko da zai ci amanarki shi ne intanet ɗin zauren, domin ɗaruruwan wayoyi da kwamfutoci ne ke kansa lokaci guda. Ki girka duk abin da manhajar ke buƙata tun a gida, ki kashe intanet, ki gwada daga farko har ƙarshe. Daga nan kada ki sabunta komai, ko da kwamfutar ta yi ta naci. Ki ɗauki bidiyon nunin yana tafiya daidai. In ya tsaya a dandamali, ki ba shi daƙiƙa 30, sannan ki kunna bidiyon. Ba wanda ya zo kallon ki kina farautar kuskure.

Sai majigi. Yawancinsu mahaɗin HDMI suke karɓa, kwamfutoci da dama kuwa mahaɗin USB-C kaɗai gare su, don haka ki riƙe adaftarki. Ki shiga zauren lokacin hutu ki jona, saboda girman allo kan sauya. Lokacin buga umarni, ki sa allonki da na majigi su nuna abu ɗaya, in ba haka ba za ki yi ta juya wuya kina rubutu a makance. Girman haruffa kada ya gaza 24, kod (rubutun manhaja) kuma kada ya wuce layi 15 a shafi. Farin bango da baƙin rubutu ya fi baƙin bango: majigi ba ya haska baƙi, hasken ɗaki ne ke cike wurin, sai launukan su dusashe. Ki kashe sanarwar saƙonni, ki rufe duk fayil mai kalmar sirri, tunda ana ɗaukar bidiyo. Ki kuma ajiye shafukan a PDF cikin filash.

Ki shirya maganar minti 25, ki gwada ta da murya da agogo. In an yi tambaya, ki maimaita ta a makirufo, don na baya da masu kallon bidiyo ba su ji ba.

Tambaya: Ni sauraro kawai zan je, ban san kowa ba.

Amsa: Kada ka cika jadawalinka. Manyan taruka irin FOSDEM na Brussels, wanda ake shiga kyauta ba rajista, suna sakin bidiyon jawabai daga baya, hirar farfajiya kuwa ba a ɗaukar ta. Akwai al'adar tsayawa a da'ira a bar giɓi don baƙo, to in ka ga giɓin ka shiga. In akwai kwanakin aikin gayya bayan taro, ka tsaya da kwamfutarka, domin masu kula da manhajojin na zaune a teburi suna nuna wa sababbi gyaran da za su fara da shi.