Kada Ka Sa Mata Batir Tukuna

Ɗana, saƙonka ya iso ni jiya bayan la'asar, hotunan nan huɗu kuma na kalle su ya fi sau uku. Ka ce kawunka ya bar maka tsohuwar motar MG ɗin nan da ke bayan gidansa a gindin mangwaro, wadda rabonta da kwalta tun kana goye. Kana tambaya ko ka ari batir ka tayar da ita ka kai ta fenti ja kafin babbar Sallah, ko kuwa ka warware ta kakaf ka sake harhaɗawa. Duka biyun a'a. Zancen Sallah ma ka cire shi a ranka, sai dai in ta baɗi kake nufi.

Fara sanin abin da ke hannunka. MGB ce, ƙirar Ingila, daga masana'antar Abingdon kusa da Oxford. Daga 1962 zuwa 1980 sun ƙera sama da 500,000, galibinsu kuma Amurka aka kai. Yawan nan shi ne sa'arka, don har gobe ana buga kayanta sababbi a can. Tun 1988 ma wani kamfani mai suna British Motor Heritage yake buga gangar jikinta sukutum da ainihin na'urorin da aka buga ta asali. Ban ce ka saya ba, kuɗin dakonta kaɗai ya ishe ka ciwon kai, amma dai ka san ba marainiyar mota ba ce. Na ga bambarta ta ƙarfe ce mai ƙyalli, ke nan ta riga ƙarshen 1974, lokacin da dokar Amurka ta sa aka maƙala musu wata baƙar roba gaba da baya, aka kuma ɗaga tsayinsu kaɗan. Buɗe bonet ka nemo farantin lamba. In ta fara da GHN3, ta kafin ƙarshen 1967 ce. GHN4 daga nan zuwa 1969, GHN5 kuma bayan haka. Rubuta lambar a takarda, duk abin da za ka yi oda sai an tambaye ka ita.

Abin da ya sa na ce kada ka fara da inji shi ne, injin motar nan ba ya mutuwa da sauƙi. Silinda huɗu ne, 1798cc, zubin baƙin ƙarfe tun daga sama har ƙasa, duk wanda ya taɓa buɗe injin tsohuwar Peugeot ba zai ga baƙon abu a ciki ba. Jiki ne ke kashe MGB. Ba ta da shasi irin na Hilux ko Land Rover da za ka ɗage jiki ka ajiye gefe, ƙarfe biyu su ci gaba da riƙe inji da tayoyi. Jikin ne shasin. Ga shi kuma ba rufin ƙarfe, to me ya haɗa gabanta da bayanta? Ƙarfen nan da ke ƙasan ƙofa, wanda kake tsallakawa in za ka shiga, na dama da na hagu, sai tudun da ya bi ta kan giya a tsakiya. A ido falle ɗaya ne, amma akwati ne: akwai na waje da kake gani, akwai wani a tsaye ɓoye a tsakiya, akwai na ciki, akwai na ƙasa. Ya kuma zarce ta bayan fenda ta gaba da ta baya, inda ido ba ya kaiwa. Daga ciki yake ruɓewa ya fito waje, kamar gara a azara. Ranar da ka ga ƙuraje a fenti, ciki ya daɗe da zama gari.

A Ingila gishirin da suke watsa wa titi lokacin sanyi ne ke cinye su. Mu nan Allah ya raba mu da wannan, shi ya sa nake da ɗan fata. Amma motar da tantinta ya yage, ta sha damina ashirin a gindin bishiya, ganye ya toshe ramukan da ruwa ke fita, kafet ya jiƙe ya bushe ya sake jiƙewa, ita ma ba a shaidarta sai an taɓa.

Ga yadda za ka taɓa. Share ganyen, ka fitar da kujeru da kafet. Rufe ƙofa ka dubi tazarar da ke tsakaninta da jiki ta baya: in sama ta matse ƙasa ta buɗe, mota ta fara lanƙwashewa a tsakiya. Sa jak a mazauninsa na gefe ka ɗaga a hankali, kunnenka na wurin. In ka ji ƙaras-ƙaras kamar ana taka busasshen ganye, ko ƙofar da ɗazu take rufuwa ta ƙi, sauke, ka samu amsa. Sannan ka ɗauki sukundireba ka bi ƙasan ƙofa, da daɓen da ƙafa ke taka, da inda sifirin na baya ya kama jiki, da cikin but, kana dannawa da ƙarfi. Kada ka ji tausayinta. Ramin da sukundireba ta huda dama can rami ne, fenti ne ya rufa masa asiri. Ka kuma bi gefen motar da maganaɗisu nannaɗe a tsumma. Duk inda ya ƙi kamawa, wani ya riga ka zuwa ya cika wurin da fila. Bonet kaɗai za ka yi wa uzuri, na farkon duk alminiyom ne, dama ba ya kamawa.

Bari in ba ka labarin abin da ya same ni, don kada ka maimaita. Ina da kamar shekarunka aka kawo wa maigidana irin wannan motar, ya yi tafiya ya bar min. Don in burge shi na kwance ƙofofin biyu, na ɗora motar a kan bulo huɗu, na yanke ƙarfen ƙasan ƙofa na dama da na hagu rana ɗaya. Kwana shida ina walda, na goge, ya yi sumul, har maƙwabta na zuwa kallo. Da na zo mayar da ƙofar direba, sai bakinta ya hau kan jiki da kusan faɗin ɗan yatsa. Na sassauta hinji, na tura, na ja, ina! Ashe tun daren farko motar ta sunkuya, ni kuma na bi na ɗinke ta a sunkuye. Maigida ya dawo, ya zagaya ta sau ɗaya, bai ce min uffan ba, ya miƙo min abin yanka. Duk aikin kwana shidan na yanke da hannuna.

Saboda haka in gwajin ya nuna sai an canza, ƙofa tana jiki za a yi, don ita ce ma'auninka. A gyara hinjinta ta zauna daidai, a walda ƙarfe a gicciye a bakin ƙofar ta ciki ya riƙe gaba da baya, a tallafi motar a ƙasa mai daidai, a yi gefe ɗaya a gama kafin a taɓa ɗayan. Ɗigo-ɗigo za a fara kamawa, a rufe ƙofa a duba, sannan a ci gaba. Ƙarfen jikin siriri ne, waldar lantarki irin ta masu ƙofar gida huda shi za ta yi. Waldar gas kuma in hannu bai ƙware ba zafi ya yi yawa, falle ya murɗe. Nemi wanda ya iya, ka zauna kusa da shi, kuma kada ka yarda ya ɗora sabon falle a kan ruɓaɓɓe ya shafe da fila. Wannan gyaran gangar Abzinawa ne. Kafin wuta ta kusanci motar, a sauke tankin mai a kai shi can nesa. Tankin da ya shekara ashirin ba mai ma yana iya tashi.

In jiki ya nuna zai yi, sai mu waiwayi inji, shi ma ba da makulli ba. Cire fulogi huɗun, ka zuba ɗan baƙin mai gauraye da gas a kowane rami, ka bar shi kwana uku ko mako. Sannan ka sa sufana a babban notin gaba ka juya da hannu. In ya juya, alhamdulillahi. In ya ƙi, ƙara mai ka ƙara haƙuri. Kada ka sa a ja motar a giya don ya saki, ringi za ka karya. Juye tsohon baƙin mai, canza filta, wanke lagireto, canza duk robar ruwa da fambel. Tsohon fetur kuwa ya zama danƙo a tanki da bututu, shi ma sai an wanke. Ranar tayarwa, fulogi suna waje za ka fara juya injin har allurar baƙin mai ta motsa, kafin ka ba shi wuta. In ya yi zafi yana tafiya, allurar ta zauna tsakanin 50 da 80. Jerin wutarsa 1-3-4-2, tazarar kwantak da ta bawul duk wajen 0.015 na inci.

Kafireta biyu za ka gani, ƙirar kamfanin SU, kowace da wata hula kamar ƙaramar tukunya a kife. A saman hular akwai murfin da ake kwancewa a ɗiga mai. Yaran yanzu ba su san haka ba, sai mota ta riƙa shaƙewa in an taka, su ce kafireta ta mutu, a cire a ɗaura ta wata motar. Kada ka bari. Wanke su ɗaya bayan ɗaya, kada ka musanya kayan cikinsu, fistin kowace da hularta aka daidaita shi. Haka duk wanda ya ce maka a jefar da injin a sa na Toyota a huta, ka yi masa godiya ka wuce. Abu ɗaya da za ka yi wa injin saboda zamani: an yi shi ne don fetur mai dalma, na yanzu kuwa babu, to duk ranar da aka sauke kan silinda a sa wa bawul ɗin hayaƙi mazauni mai tauri.

Yanzu batir ɗin da kake ɗokin arowa. Ba a gaba yake ba, ɗaga murfin da ke bayan kujeru za ka ga rami biyu, na batir biyu masu bolt 6 da aka haɗa suka ba da 12. Ƙarami ɗaya mai 12 zai shiga rami guda, ba matsala. Matsalar ita ce motocin kafin ƙarshen 1967 kan mai alamar + ne ke zuwa jiki, akasin duk motar da ka taɓa gyarawa a garejina. Ko an juya ta a baya, ko ba a juya ba, sai an bi waya an gani. Ga ɓeraye sun yi shekaru suna haihuwa a bayan dashbod, ga rana ta busar da rigar wayoyin, ga fis biyu kacal a na farkon. Wayoyin Lucas, kamfanin da ya yi mata kayan wuta, suna da ƙa'idar launi: ruwan ƙasa wuta ce kullum kuma ba ta bi ta fis ba, fara ta makulli ce, koriya ta bayan fis, baƙa ta zuwa jiki. Ruwan ƙasan nan guda ɗaya in ta goge ta taɓa ƙarfe, kafin ka zagayo ka cire kan batir hayaƙi ya turnuƙe. In an kunna makulli lafiya za ka ji tik-tik-tik daga baya, famfon mai ne na lantarki. In shiru, ƙwanƙwasa shi kaɗan da ƙotar sukundireba, sau da yawa kwantak ɗinsa ne ya kwanta barci.

Sufanunka na milimita ka bar su a akwati. Notin motar nan na inci ne: 7/16, 1/2, 9/16. Lamba 13 za ta hau kan 1/2 kamar ta yi, sai ka matsa ta zame ta cinye kan. Je wurin masu tsofaffin kaya ka tsinto na inci, sun fi sababbin kasuwa ƙarko. Duk notin da ka kwance kada ka yar, samun irin zarensa a nan wahala ne.

Shi ya sa ma na hana ka warware ta gaba ɗaya. Na ga motoci da yawa da aka zuba a kwali da buhu da niyyar wata uku, yara suka yi wasa da notin, aka sayar da sauran a kilo. Sashe ɗaya za ka kwance, ka ɗauki hoto da wayarka kafin da bayan, ka zuba ƙananan kaya a gwangwanin madara ka rubuta sunan wurin a jiki, ka gama ka mayar, sannan na gaba.

Birki ba a gyara shi rabi. Faifai ne a gaba, ganga a baya, kuma a irin taka layin mai ɗaya ne, in ya fashe a wuri guda duk ƙafa huɗun sun tafi. Robobi, tiyo, mai, duk sababbi. Ƙurar cikin gangar kada ka hure ta da baki ko iska, tsofaffin takalman birki akwai asbestos mai illa ga huhu a ciki, jiƙa tsumma ka goge. Tayoyin ko zanensu bai goge ba, sun mutu. Ƙafar gaba tana da wuraren giris, a ba su har sai tsohon ya fito. Kuma kada in ji ka shiga ƙarƙashinta a kan jak kaɗai ko bulon siminti.

Sitiyarinta na dama, alama ce ko ta shigo tun kafin a koma tuƙin dama a 1972, ko daga Ingila aka kawo ta daga baya. An ƙera jikin yadda zai karɓi kowane gefe, ana iya mayarwa hagu, amma wannan da zancen takardu sai mun zauna. Fenti shi ne na ƙarshe, bayan ta yi tafiya an ga ba abin da za a sake yankewa. Ja ɗin ma ka dakata, ɗaga robar cikin but ka ga launin da ta zo da shi.

Ranar Juma'a in an sauko masallaci zan biyo, in Allah ya yarda. Ka share ganyen, ka fitar da kujerun, ka tanadi tocila mai haske da tabarmar da zan kwanta a kai. Maganaɗisun zan taho da nawa. Ka gaishe min da kawun naka, ka kuma tambaye shi ko littafin motar da makullin but suna nan.